An Kashe Jijiyar Haƙorin, Amma Ciwon Bai Tafi Ba

Mai karatu, idan an taɓa yi maka aikin nan da ake kira kashe jijiyar haƙori, aka rufe haƙorin da hula, ka biya kuɗin da ka daɗe kana tarawa, sannan bayan wata biyu ko uku ka wayi gari gefen fuskarka yana zogi kamar ba a yi komai ba, to yau da kai nake magana. Idan kuma ba kai ba ne, mai ɗakinka ce ko mahaifiyarka take kwana dafe da kunci, ku zauna ku karanta tare. Na bi ta wannan hanya, kuma saura ƙiris in sa a cire mini haƙorin da laifinsa bai kai yadda nake zato ba.

Abin ya faro ne a daminar 2021. Matauni na na ƙasa, a gefen hagu, ya daɗe da kogo, ina ta lallaɓa shi da kanumfari, har ranar da ya hana ni barci ƙememe. A Talata Mafara, inda nake zaune, amsar da kowa zai ba ka guda ce: je ka a cire. Wani abokina ya ce kada in yi garaje, akwai aikin da ake yi a ceci haƙorin. Na tafi birni, wani asibitin kuɗi da ba sai na ambaci sunansa ba. Sau uku ina komawa, kowane zuwa in kwanta kusan awa guda baki a wangale. A watan Agusta aka sa mini hular, na dawo gida ina murna an rabu da Bukar.

Kafin in ci gaba, bari in gaya maka abin da ake yi a cikin bakin naka, domin da yawanmu ana yi mana aikin ne ba mu san me aka yi ba. Haƙori ba dutse ba ne. A tsakiyarsa akwai wani ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi, da jijiyar ji, da ƙananan hanyoyin jini, kuma daga wannan ɗaki wasu siraran hanyoyi suke gangarawa ta cikin saiwa har ƙarshenta a cikin ƙashi. Idan kogo ya ci har ya isa ɗakin, ƙwayoyin cuta sun sami masauki. Aikin likita shi ne ya huda, ya kwashe tsokar da ta lalace, ya kankare hanyoyin da wasu siraran allurai, ya wanke su da ruwan magani, ya cike su har ƙasa, ya toshe. Da yake haƙorin da aka yi wa wannan rami yana da saurin tsagewa, sai a yi masa hula ta tangaran ko ta ƙarfe ta riƙe shi.

Daga nan ne ruɗanin yake tasowa. Mutum zai ce: haƙorin da aka kashe wa jijiya, ta ina yake ciwo? Ni ma haka na yi ta tambayar kaina. Amsar ita ce jijiyar da ke cikinsa kaɗai aka cire. Saiwar tana zaune ne a cikin ƙashi, an ɗaure ta da wata siririyar tantani mai cike da jijiyoyi, kuma wannan tana nan da ranta. Ita ce take gaya maka ka tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Dasashi yana ji, ƙashi yana ji, tsokar muƙamuƙi ma tana ji. Saboda haka tsamin kwana biyu zuwa mako guda bayan aikin ba abin tsoro ba ne, muddin kullum raguwa yake yi. Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne ciwon da ya ƙi sauka bayan makonni, ko wanda ya tafi ya dawo.

Nawa bai sauka ba. Tun ranar da aka sa hular na ji idan na rufe baki ita take fara taɓa haƙorin sama kafin sauran. Na faɗa, aka ce mini zan saba. Ban saba ba. Na yi niyyar bugawa in nemi ranar komawa, sai ga shi a farkon Satumba an katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da mai. Wanda ya zauna a Mafara ko Bakura ko Maradun a waɗannan watanni ya san abin da nake nufi. Tafiya ta zama sai dole, kuma babu wanda zai kira ciwon haƙori dole alhali mutane suna ta rayukansu.

Sai na koma ga kemis, kamar yadda kai ma wataƙila ka yi. Ibuprofen da safe, diclofenac da dare, amoxicillin da Flagyl zubi biyu. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma gara in faɗa. Magungunan kashe ƙwayoyin cutar ba su yi mini komai ba, domin kamar yadda na gano daga baya babu ƙwayar cutar da za su kashe. Na kashe zafin kuwa sun bar ni da ƙunar ciki wadda ta ɗauke ni watanni. Ibuprofen da diclofenac 'yan gida ɗaya ne, haɗa su ba ya ninka sauƙi, haɗarin gyambon ciki da lahanin ƙoda yake ninkawa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya manyanta. Mai juna biyu kuma kada ta kusance su sai likita ya ce. Farasitamol ma da muke raina shi yana da iyaka: babban mutum kada ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya 8 ke nan ta miligiram 500, in ba haka ba hanta ce za ta biya. Taramol kuwa, mun ga abin da ya yi wa samarinmu, ba sai na tsaya bayani ba.

A cikin wannan hali na je Bakura gaida goggona. Ta dube ni ina juya tuwo a gefe guda na baki, ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka jira? Haƙori guda ne zai hana ka cin tuwo? Tafi a fidda shi ka huta." Na ce, "Goggo, kuɗin da na kashe a kansa fa?" Ta ce kuɗi ba su kai barci ba. A raina na yarda da ita. Abin da ya taka mini birki wani dattijo ne a Maradun, aminin mahaifina, wanda na je dubawa a makon da ya biyo baya.

Baba ya buɗe baki ya nuna mini giɓi uku a jere a gefen dama. Ya ce na farkon an kashe masa jijiya, ciwo bai tafi ba, ya sa aka cire. Ciwo ya koma kamar a na kusa da shi, aka cire. Haka na uku. "Ɗana," in ji shi, "haƙoran sun tafi, ciwon yana nan inda na bar shi." Na tambaye shi yadda yake jin sa. Ya ce kamar a jona masa wutar lantarki, daƙiƙa kaɗan ya ɗauke, kuma abin da ke tayar da shi ba tauna ba ce kaɗai: ruwan alwala idan ya taɓa kuncinsa, ko iskar asuba, ko asuwaki. Har ya kai yana fargabar wanke fuska. Daga baya da 'ya'yansa suka kai shi babban asibiti, aka gano cutar ta babbar jijiyar fuska ce, wadda take ɗauko ji daga goshi da kunci da haɓa zuwa ƙwaƙwalwa. Aka ɗora shi a kan wani magani mai suna carbamazepine, wanda asalinsa na farfaɗiya ne, ya sami sauƙi. Magani ne da ba a sha sai da kulawar likita, don yana da nasa illolin. Haƙoran nan uku kuwa babu mai dawo masa da su.

Na koma gida da wannan giɓi a idona. Da hanya ta ɗan yi dama-dama a watan Nuwamba, na shiga motar Sakkwato na je wurin wani likitan haƙori daban. Zan ba ka labarin abin da ya yi dalla-dalla, domin ka san irin binciken da ya kamata a yi maka kafin a ɗauko abin cire haƙori.

Bai fara da duba bakina ba. Cewa ya yi, "Malam, nuna mini da yatsa ɗaya inda yake maka ciwo." Sai na ga na ɗora tafin hannuna gaba ɗaya, daga gaban kunne har haɓa. Ya yi murmushi ya ce wannan ma amsa ce. Ya tambaye ni yaushe ciwon ya fi tsanani, na ce da na farka da safe, da kuma bayan doguwar tauna. Ya tambaya ko kaina yana ciwo a gefen goshi, na ce kusan kullum. Sannan ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin ƙarfensa, ya ɗora wa maƙwabtan haƙorin abu mai sanyi ya ga yadda suke amsawa, ya zagaya dasashin da wani ɗan tsinke mai awo yana neman rami. Ya ɗauki hoto, ya nuna mini cikon ya kai ƙarshen kowace saiwa, kuma babu baƙin tabon da ke nuna ƙashi yana ruɓewa a ƙasanta. Ya sa mini wata siririyar takarda mai launi ya ce in cije. Da ya ciro ta, hular ta yi shuɗi sosai, sauran haƙoran kuwa da ƙyar suka taɓu. Tsayin da ya yi yawa bai kai kaurin farce ba, amma duk nauyin muƙamuƙina a kansa yake sauka, wata uku cur. Cikin minti biyar ya goge wurin.

Na zaci an gama. Sai ya sa yatsunsa a kuncina, daidai tsokar da take kumbura idan ka cije haƙora, ya danna ya riƙe. Mai karatu, ciwon nan nawa, shi kansa, wanda na yi wata uku ina rantsuwa a cikin haƙori yake, sai ga shi ya taso ya gangara cikin haƙorin, alhali ba a taɓa haƙorin ba. Ya ce, "Shi ne?" Na ce, "Shi ne, likita." Ya ce in sa yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba, biyu suka shiga da ƙyar.

Bayanin da ya yi mini ya zauna a kaina har yau. Jijiyoyin haƙora da na tsokar tauna da na gaɓar muƙamuƙi duk rassan jijiya ɗaya ne, kuma a wuri ɗaya suke sauke saƙonsu. Ƙwaƙwalwa takan rikita adireshi, tsoka ta yi kuka a ce haƙori ne. Tsokata ta fara wahala tun zaman awa-awa baki buɗe, hula mai tsayi ta ƙara mata, tauna a gefe guda ta ƙara. Sannan ya yi tambayar da ban zata ba: "Kana cizon haƙora cikin barci?" Na ce a'a. Da na dawo gida na tambayi mai ɗakina, ta ce, "Ai Malam tun da aka fara kwanan zullumin nan nake jin ƙarar haƙoranka da dare, na yi shiru ne kada in ƙara maka damuwa." Jiki magayi. Abin da baki bai faɗa ba game da waɗannan darare, muƙamuƙi ya riƙe shi. Ina kyautata zaton akwai irina da yawa a garuruwanmu, maza da mata, masu yawo da ciwon kunci da na kai, suna ɗora wa haƙori laifi.

Wannan ba labarina ni kaɗai ba ne. A 2010 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Donald Nixdorf na Jami'ar Minnesota a Amurka sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan aiki, suka gano kusan mutum 5 cikin 100 suna ci gaba da jin ciwo bayan wata 6 ko fiye. A wani nazarin nasu na wannan shekara sun ƙiyasta cewa kusan 3 cikin 100 ciwon nasu ba daga haƙorin yake ba sam. Ka lura da abu biyu a nan. Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin suna warkewa lafiya, don haka kada labarina ya hana ka ceton haƙorinka. Amma a cikin 'yan kaɗan ɗin da ciwo ya ƙi bari, kaso mai yawa ko an sake aikin, ko an cire haƙorin, ba a taɓa tushen matsalar ba.

Kada kuma ka ɗauka ina wanke haƙori daga kowane zargi. Sau da yawa shi ne mai laifin. Hanyoyin cikin saiwa sirara ne kamar gashi, wasu a lanƙwashe, kuma matauni yakan zo da uku ko huɗu. Na sama musamman yana da wata ta huɗu mai ɓuya, wadda ko ƙwararre yakan tsallake. Idan aka bar hanya ɗaya ba a wanke ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Haka idan hular ba ta zauna daidai ba, yawu da ƙwayoyin cuta suna zirarawa ta gefenta, ko abinci yana cushewa tsakaninta da maƙwabcinta har dasashi ya kumbura. Irin wannan ciwo yakan tsaya wuri ɗaya, ka nuna shi da yatsa, ya tsananta idan ka cije ko aka ƙwanƙwasa. Wani lokaci wani ɗan ƙurji yakan fito a dasashi kusa da saiwar, ya fashe ka ji ɗanɗanon mugunya, ciwo ya lafa, ya sake taruwa. Ƙanwata da ke aure a Bakura haka nata ya yi, ta shekara tana cewa ai yana fashewa da kansa. Fashewar ba warkewa ba ce, hanya ce kawai mugunyar ta samu. An buɗe nata an sake wankewa, ƙurjin bai dawo ba. Inda babu dabara shi ne idan saiwar ce ta tsage daga sama zuwa ƙasa. A nan cirewa ce magani, kuma likitan da ya ce a cire bai cuce ka ba. Abin da nake roƙonka shi ne ya zama an nuna maka dalili.

Idan haƙorin na sama ne, ka tuna saiwoyinsa suna daf da kogon ƙashin kunci wanda yake haɗe da hanci. Mura mai nauyi a lokacin hunturu takan cika wannan kogo, haƙoran sama biyu ko uku su yi tsami tare, ciwon ya ƙaru idan ka sunkuya ko ka yi sujada. Akwai kuma wani nau'in da ya fi wahalar ganewa, inda jijiyar da aka yanke ita kanta take ci gaba da aika saƙon ciwo: ƙuna ko nauyi mara yankewa, hoto lafiya lau, dasashi lafiya lau. Masu irin wannan su ne aka fi ce wa ai tunani ne kawai, ko a ce iska ce. Ciwo ne na gaske, kuma maganinsa na jijiya ne, ba na ƙwayar cuta ba.

Akwai halin da ba a jiran gobe. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau wajen ido, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta yi wuya ko harshe ya ɗago, a nufi asibiti mafi kusa a wannan sa'a, ko dare ne, domin irin wannan kumburi yana toshe hanyar numfashi. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga wannan haɗari. Haka idan ciwon muƙamuƙi yana tasowa ne lokacin da kake sauri ko aikin gona, tare da nauyin ƙirji ko gumi ko sarƙewar numfashi, ya lafa idan ka huta, wannan zancen zuciya ne, likitan haƙori ba shi ne na farko ba. Kuma don Allah kada a ɗiga ruwan batir ko fetur, kada a danna asfirin ko kanwa a jikin dasashi. Ƙona naman suke yi, su bar ciwon a ƙasa.

Na san abin da za ka ce: ina likitan yake? Gaskiya ne, a yankinmu mai irin wannan matsala yakan buƙaci tafiya, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wani ma har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tunda tafiyar tana da tsada da fargaba, kada ka je hannu rabbana. Ka yi mako guda kana rubuta lokacin da ciwon ke tashi, da abin da ke tayar da shi, da tsawon da yake ɗauka, da kamanninsa: zogi ne, ko ƙuna, ko fizgar lantarki. Ka riƙo tsofaffin hotuna da katinka da kwalayen duk maganin da ka sha, har wanda kake jin kunyar nunawa. Ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko yana jin ƙarar haƙoranka. Idan an ce a cire ko a sake aikin, ka tambaya cikin ladabi: me aka gani? An duba tsayin hular? An danna tsokar kunci? Wani lokaci likita yakan yi allurar kashe zafi a gindin haƙorin don gwaji, idan wurin ya mutu amma ciwon yana nan, to ba a nan gizo yake saƙa ba. Idan kuma ya ce ƙashin ƙasan saiwar yana kan warkewa, a jira a sake hoto, ba wasa yake maka da hankali ba, ƙashi yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya cike a hoto.

Abin da aka ɗora ni a kai ba shi da tsada. Tsumma mai ɗumi a kunci minti 15, safe da dare. Mako uku ina kan kunu da fate da tuwo mai laushi, na ajiye goro da kilishi da aya da cingam. In tare haɓa da hannu idan zan yi hamma. Wanda ya fi ba ni wuya shi ne koyon raba haƙora: ashe idan mutum ba ya tauna ko haɗiya, leɓɓa ne kawai ya kamata su haɗu, haƙoran sama da na ƙasa kada su taɓa juna. Sai da na fara lura na gane ina cije su a kan babur, a layin banki, har a lokacin sauraron labaran rediyo. Daga baya aka auna bakina aka yi mini wata robar sawa da dare. Gogewar hular ta ɗauke kusan rabin ciwon cikin mako guda, sauran ya bi a hankali, sai wajen wata biyu na iya sa yatsu uku a bakina.

Haƙorin yana nan har yau, da shi nake tauna. Ba zan ce maka ciwon ya tafi har abada ba. Idan aka kwana biyu ana jin labari mara daɗi daga ƙauyuka, nakan farka kuncina a ɗaure, in ɗora ruwa a wuta in nemo tsummana da robata. Da na koma Bakura da sallah, goggo ta miƙo mini rake daga fadama ta ce in gwada haƙorin nawa na kuɗi. Na karɓa, na nemi wuƙa, na fere shi na yanka ƙanana.